Zanen Aro a Borokiri

Duk shekara idan aka gama girbi a gida sai in gan ku kun diro daga motar albasa ko ta shanu, kowa da 'yar jakarsa. Kafin ka ce kwabo mutum ya sayi tsohon kan keken ɗinki ya saɓa a kafaɗa, wai shi ma ya zama tela mai yawo. Jiya ma wani a cikinku ya tare ni a ƙofar masallaci yana cewa, "Baba Haladu, ai sana'ar nan ba wuya, juya hannu ne kawai, sauran kuma waya ce za ta kawo maka aiki." Na ce masa to, Allah ya ba da sa'a. Amma tunda kun nemi labari, ga shi. Ni ba na gajiya da surutu, in dai ba a kan kayan mutane ba ne.

Aikin farko da na ga an yi a gabana wandon wani shugaban makaranta ne a Inugu. Maigidana Malam Gambo, mutumin Haɗeja, shi ya ɗauke ni koyo, kuma watanni na yi ina binsa ban taɓa allura ba. Nawa ɗaukar keke ne a kan gammo da kaɗa almakashi don a san mun shigo layi. Ran nan matar shugaban ta yafito mu ta ƙofar baya, ta miƙo wando a dunƙule kamar mai ba da abin sata. Ya yage daga ƙugu har tsakiyar ƙafa, ga alama maigidan sunkuyawa ya yi da ƙarfi. Malam Gambo ya zauna a dandamali, ya juya wandon ciki waje, ya warware tsohon ɗinkin da reza har inda yadin bai gaji ba, ya zaɓi zare cikin gwangwaninsa yana kara shi da wandon a hasken rana, sannan ya bi layin ɗinkin kamfani sak. Da ya gama ya shafa da bayan almakashi, ko ni da na zuba ido ban iya nuna wurin ba.

Bayan 'yan kwanaki muka yi kiciɓis da shugaban a kasuwar Ogbete, sanye da wandon, yana tafe yana taƙama. Malam Gambo ya wuce shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Na ce, "Malam, ai mai wandon nan ne." Ya ce, "Wane wando?" Sai da muka yi nisa ya ce da ni, "Haladu, masu shago ado suke sayarwa, shi ya sa suke rataye aikinsu a ƙofa. Mu rufin asiri muke sayarwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Kan keke yana son mai kamar jariri, musamman a ƙasar nan da ruwa ba ya ɗaukewa, in ka yi sakaci mako guda tsatsa ta kama shi. Almakashi biyu ake riƙewa, na yanka daban, na kira daban, don wanda ake kaɗawa a titi bakinsa ya mutu, in ka sa shi a leshin mutane sai ya tauna. Sai gwangwanin zare, da allurai manya da ƙanana, da alli, da zif, da maɓallai da kake tsinta kana tarawa. Sai leda babba, wadda idan hadari ya taso keke za ka rufe da ita, kai ka jiƙe. Inyamurai suna kiranmu obioma, wasu su ce aboki, duk amsawa muke yi.

A Anacha, wajen Upper Iweka, na koyi ɗinka aljihun ɓoye. 'Yan kasuwa masu hawa mota zuwa arewa sayen kaya su ne masu wannan aiki. Mutum zai ja ka bayan wata lalatacciyar mota, ya tuɓe wando ya ɗaura tawul, ka ɗinka masa aljihu a cikin cinya ko ƙasan ƙugu, inda hannun ɗan sane ba ya kaiwa. Kowa da wurin da yake so, kuma kai kaɗai ka sani. Ga direbobi masu yagaggen tamfol, ga 'yan okada da gwiwar wandonsu ba ta wata guda, ga matan gwanjo da za su zube maka riguna a rage wannan a buɗa wancan. A wurin nan na yi ƙarfi, na yi aure, sannan na gangaro Fatakwal na kama ɗaki a Borokiri.

Shekarar da aka kulle gari saboda annoba ita ce shekarar da ba na mantawa. Mai yawo aka ce ya zauna a ɗaki, kun ga an gama da shi ke nan. Wasu abokan sana'a suka sayar da kekunansu suka bi motar kaya zuwa gida. Ni ƙyallayen atamfa da na daɗe ina tarawa, waɗanda uwargida ke cewa shara ce in zubar, su suka cece mu. Na zauna ina ɗinka takunkumin fuska da su, ana saye ta taga. Tun daga lokacin ba ta ƙara kiransu shara ba.

Da aka buɗe gari, sai na tarar duniya ta sake. Rukunin gidajen masu hali duk sun sa ƙofar ƙarfe, mai gadi ko ɗan garinku ne ba zai bar ka ka shiga ba sai na ciki ya turo lamba ta waya. Ga gwiwata ta dama ta fara gardama, tafiyar da nake yi har Diobu in dawo ta gagara. Abin da ya rage mini wani babban gida ne na haya a nan Borokiri, mai ɗakuna jere da tsakar gida mai faɗi. Mai gidan, Madam Ibinabo, na daɗe ina yi mata aiki. Ita ta sa aka ajiye mini benci a ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar gidan, matan gidan da na layin gaba ɗaya suna kawo mini kaya a nan. Bencin nan shi ne abincina. In na rasa shi, sai komawa ƙauye in riƙe fartanya da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa.

'Yata, mai sunan mahaifiyata, Ummi muke kiranta, a nan aka haife ta. Tana sana'ar cire wa mutane kuɗi da na'ura a ƙarƙashin lema a bakin titi, Turancin buroka kuwa a bakinta ya fi na 'yan gari gudu. Ita ta ga ina ɗingishi ta ce, "Baba, ka daina wahalar nan. Akwai manhaja da masu aikin hannu ke shiga, mai neman tela ya duba ya kira ka. Bari in yi maka rajista."

Muka zauna bayan la'asar tana karantowa ina amsawa. Sunan kamfani? Na ce Haladu. Adireshin shago? Na ce kafaɗata. Ta ce, "Baba, don Allah ka tsaya." Muka sa gidan Madam, wanda ba shi da lamba, taswirar wayar kuwa ta ɗauke ni ta dasa a tsakiyar ruwa, can inda masu kwale-kwale ke kama kifi. Takardar shaidar koyon sana'a? Malam Gambo ya rasu, Allah ya jiƙansa, shaidar da ya ba ni almakashinsa ne. Farashin kowane aiki? Na ce sai na ga yagewar, na kuma ga fuskar mai kayan, don ba a yi wa gwauruwa mai 'ya'ya kuɗin da ake yi wa matar ɗan kwangila. Aka zo nau'in sana'a, Ummi ta duba sama ta duba ƙasa, babu mai faci, babu mai gyara. Akwai dai masu zana kayan yayi, irin masu shago da madubi da gumakan tallan riga. A cikinsu ta jefa ni.

Kiran farko wata amarya ce mai son rigar coci fara mai jela, wadda yara ke riƙewa a baya. Na biyu wani kamfani ne a Trans-Amadi mai son kayan ma'aikata cikin mota guda, kuma in kawo takardar neman kwangila. Na uku ya kira yana faɗa, wai yana bakin ruwa tun ɗazu bai ga shago ba. Masu yagaggen aljihu da mataccen zif, waɗanda su ne mutanena, ko ɗaya bai kira ba. Wanda zif ɗinsa ya mutu da safe ba ya buɗe manhaja, kunne yake kasawa ya ji almakashi.

Sai kuma maganar taurari. Wai sai waɗanda ka yi wa aiki sun shiga sun yabe ka da sunansu sun ba ka taurari, sannan za a ɗaga ka sama inda ake gani. Ummi ta bi masu kawo mini kaya tana roƙo. Wani malamin coci da nake ƙara wa wando faɗi duk bayan Kirsimeti ya dube ta ya ce, "Make I write say my trouser tear for back? Da sunana? 'Yata, gaishe da babanki." Duk haka suka yi ta zillewa, kuma ban ga laifinsu ba. Hotunan aikina da ta ɗauka su ma ba su yi amfani ba. Ta ce, "Baba, wannan ai hoton wando ne kawai, ba a ganin komai." Na ce ai shi ne aikin. Ana nan aka turo saƙo cewa shafin da ba hotunan aiki ba yabo za a ɓoye shi, aka kuma ba da shawara a riƙa sa hoton kaya kafin gyara da bayan gyara.

Cikin kwanakin nan ne Madam Ibinabo ta kira ni ɗakinta da hantsi, ta rufe ƙofa, ta zaro wani zane daga ƙarƙashin katifa. Joji ne, irin mai nauyin nan da matan bakin ruwa ke ajiyewa a akwati ana gadonsa daga uwa zuwa 'ya, ja da ruwan zinariya, tsohon zubi da ba a samunsa a kasuwa yanzu. A tsakiyarsa dutsen guga ya zauna ya bar rami kamar tafin hannun yaro. Ta ce, "Malam, na mutu. Ba nawa ba ne. Na Anti Boma ne, yayar mijina, na uwarsu ne ta gada. Aro na yi na je biki." Na ce a raina, zanen aro dama ba ya rufe katara, amma a fili na ce, "Madam, kawo."

Gida na tafi da shi, don ba aikin tsakar gida ba ne, ba kuma aikin keke ba. Na yanko ƙyalle daga gefen da ake sokewa a ƙugu, inda ido ba ya zuwa, na daje wurin yadda yake tun asali. Na gyara bakin ramin, na yi ta juya ƙyallen har zanen furen ya haɗu da ɗan'uwansa, reshe ya shiga reshe. Zaren kuwa daga jikin zanen na zaro shi sili-sili, don babu shagon da zai ba ka jan da ya sha shekaru haka. Da ƙaramar allura na bi shi, ina yi ina hutar da ido. Da na kai mata, Madam ta ɗaga shi a rana ta juya ta sake juyawa, sai ta fara rawa a tsakar ɗaki. Aka mayar wa Anti Boma kayanta, ta karɓa ta sa a akwati.

Abin da ban sani ba, Ummi ta ɗauki hoton ramin ranar da na kawo zanen, lokacin ina masallaci, ta kuma ɗauki hotonsa da na gama. Ba ta san na aro ba ne. Ita dai ta ga aikin da a ƙarshe zai nuna wa duniya hannun babanta, ta sa a shafin tana murna. Hoton kuwa ya yi kyau, har ya jawo ido. Cikin idon da ya jawo akwai na 'yar Anti Boma, wadda ke neman tela a unguwar, ta ga zanen kakarta da rami a tsakiya.

Na iso da safe na tarar an kifa bencina. Madam tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, muryarta har bakin titi. "Malam, shekara da shekaru! Ka sa ni a waya! Dangin mijina duk sun gani!" Na buɗe baki ta ce kada in ce komai, in ɗauki kekena. Matan gidan suna leƙe ta labule, kowace na tuna abin da ta taɓa ba ni a dunƙule. Ni da aka sa a manhaja don a ƙara mini aiki, garin neman ƙiba na samo rama.

Ummi ta goge hoton tana kuka, ta je ta durƙusa wa Madam, ba a saurare ta ba. Ban yi mata faɗa mai yawa ba, abin da wayar ta ce a yi shi ta yi. Ta rubuta wa masu manhajar cewa su buɗe wa masu gyara gurbi, su kuma bari a yabi mutum ba tare da suna ba. Amsar da ta dawo na'ura ce ta rubuto, tana mana godiya. Ba a jima ba aka ɓoye shafin. Na koma gefen lemar Ummi a bakin titi ina samun 'yan dako da masu kwale-kwale jefi-jefi. Gaskiya na tsorata, har na fara tambayar kuɗin motar Kano.

Wata ranar Talata da azahar sai ga wata doguwar dattijuwa da tabarau da babbar jaka ta tsaya a kaina. Ummi ta raɗa mini, "Baba, Anti Boma ce." Ta zaro zanen ta shimfiɗa a kan kekena ta ce, "Nuna mini wurin."

Na ce, "Mama, sannu da zuwa. Zane mai kyau."

Ta ce, "Kada ka yi mini wayo. Na ga hoto. Na kwana biyu ina dubawa da tabarau ban gani ba. Ina ramin yake, kuma me Ibinabo ta ce maka da ta kawo?"

Na ce, "Mama, kaya da yawa suna bi ta hannuna, na tsufa, ba na riƙe wanda ya kawo wane."

Ta yi faɗa, ta ce za ta kira ɗanta soja. Ta sauko ta yi lallashi, ta sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Na sha lemon, na yi godiya, na ce har yanzu ban tuna ba. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Can ta ba Ummi kuɗi ta ce ta je can ƙarshen layi ta sayo mata gasasshiyar ayaba, kuma ta tafi da wayarta. Da Ummi ta yi nisa, ta dubi hagu ta dubi dama, ta zaro wata rigar leshi fara daga ƙasan jakar. Hannun ya yage tun daga hammata, ƙofar mota ce ta kama shi. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Ta Ibinabo ce. Tun bikin Ista take wurina, kullum ina ce mata tana wurin mai wanki. You no see me, you hear?" Na ce ban gan ta ba.

Leshi ya fi joji wuya, don rabinsa iska ce, sai ka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya kana ɗaure furen da furen. Na gama, ta aiko aka karɓa. Bayan kamar mako guda sai ga saƙo wai Madam Ibinabo tana nemana. Na saɓa keke na tafi ina ɗingishi. Na same ta zaune a tsakar gida, rigar a cinyarta an juya ta ciki waje.

Ta ce, "Malam, an dawo mini da rigata daga wurin mai wanki."

Na ce, "Madalla, ta yi fes."

Ta ɗaga hammatar rigar ta ce, "Wannan ƙullin, mutum ɗaya ne a Fatakwal yake komawa baya ya sake soke shi haka. Na san hannunka kamar yadda na san miyata. Wa ya kawo maka?"

Na ce, "Madam, leshi ne mai tsada. A riƙa wanke shi da hannu."

"Malam Haladu, ni ce fa. In ka faɗa mini, yau ka koma bencinka."

Bencin yana nan a kife, ina ganinsa ta gefen ido, gwiwata kuma tana zugi. Na ce, "Madam, ban san abin da kike magana a kai ba. In babu aiki, bari in kama hanya kafin ruwa ya sauko."

Na sunkuya zan ɗauki keke sai na ji ta fashe da dariya. Ta yi ta dariya tana buga cinya, tana kiran sunan Boma, har hawaye ya zubo ta share da rigar. Ta tashi da kanta ta juya bencin, ta kakkaɓe shi da gefen zaninta, ta ɗaga murya: "Obioma don come o! Make una bring cloth!"

Ƙofofi suka fara buɗewa. Kowace ta fito da ƙunshi, wata a leda, wata a kwando, kayan makaranta da na coci da wandunan mazajensu, har tulin ya kai tsayin keken. Ashe duk makonnin nan tarawa suke yi. Ku kuna wucewa ta ƙofar gidan kullum kuna kaɗa almakashi, har da masu sabon keke a cikinku, ba wadda ta leƙo ta kira ku. Ta ƙarshe wata amarya ce da ba ta daɗe da tarewa a gidan ba. Ta jira kowa ya koma ɗaki, ta tura wani abu a dunƙule can ƙarƙashin tulin, ta ce, "Baba, na ƙasan nan, kai kaɗai."